Yadda Ake Bambance Fikof ɗin Jitar Akwati da na Jitar Lantarki, da Yadda Ake Jona Kowanne

Jita biyu na iya zama da soket iri ɗaya, kebul ɗaya ya shiga kowacce daram, amma abin da ke bi ta cikin kebul ɗin ba ɗaya ba ne. Daga nan ne yawancin saɓanin masu jita da masu mikza, wato na'urar haɗa sauti, ke tasowa, ko a majami'un Yelwa da Gwallameji, ko a wurin biki, ko a ƙananan situdiyon cikin garin Bauchi. Matashi ya tara kuɗi ya aika Jos ko kasuwar Alaba ta Legas an turo masa jitar akwati mai soket, ya soka ta a amfilifayar lid, wato ta jitar lantarki, sauti ya fito siriri ta hanci, nan take a yanke hukuncin cewa jabu aka sayar masa. Sau da yawa jitar lafiyarta ƙalau, an dai bi da ita ta hanyar da ba tata ba.

Fikof shi ne abin da ke ɗaukar motsin kiɗa ya mai da shi ɗan lantarkin da amfilifaya za ta ƙara wa ƙarfi. Na jitar lantarki motsin ƙarfen tsirkiya yake bi, na yawancin jitocin akwati kuwa dannawa da girgizar katako yake ji. Duk matakan da ke tafe daga wannan bambancin suka samo tushe.

Da farko, gano wanda ke hannunka

Jitar lantarki ba ta ɓoye nata. A ƙarƙashin tsirkiyoyi za ka ga sanda ɗaya zuwa uku kwance a gicciye, galibi da ɗigon ƙarfe shida a jere, kowace tsirkiya da nata. Siririya mai layi ɗaya koyil guda ce, wato naɗin waya ɗaya, irin ta Stratocaster da kamfanin Fender ya fitar a 1954. Mai faɗi, mai layi biyu ko murfin ƙarfe, yawanci hambaka ce, wato koyil biyu a haɗe.

Jitar akwati sai an bincika. Duba gefenta ko akwai ɗan faifai mai maɓallai da gidan batir, ko kuma soket a gindi, inda ake maƙala maɗauri. Fikof ɗin kansa ba a ganinsa, don siririn tsinke ne kwance a cikin jaki, wato katakon da ke riƙe tsirkiyoyi a fuskar jita, ƙarƙashin farin ƙashin nan da tsirkiyoyi ke hawa. Sunansa fiyezo. Wani nau'in kuma ƙananan faya-faye ne da ake liƙawa daga ciki, daidai ƙarƙashin jaki. Sassauta tsirkiyoyi, ka zura ƙaramin madubi da fitilar waya za ka gan su. Idan kuwa sanda ce maƙale a bakin ramin tsakiya, to mai maganaɗisu ce, 'yar'uwar ta jitar lantarki. Masu tsada sukan ƙara ɗan makirufo a ciki.

In ido bai raba gardama ba, jona jitar, ka rage ƙara sosai, ka dafe tsirkiyoyi da tafin hannu. Taɓa fikof da bakin sukurdireba. Mai maganaɗisu zai fizgi ƙarfen, sifika ta ce ƙwas. Sannan ka ƙwanƙwasa jaki da gaɓar yatsa. Fiyezo zai amsa da gum mai ƙarfi, alhali jitar lantarki da ƙyar za ta ce wani abu.

Mai mitar auna lantarki yana iya ƙara gwaji ɗaya. A soka kebul a jita, a buɗe bolum gaba ɗaya, a auna tsakanin tsinin kan kebul da jikinsa. Koyil guda kan nuna wajen om 6,000 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare lantarki), hambaka irin ta da om 7,000 zuwa 9,000, masu zafi har su kai 16,000. Fiyezo marar batir ba zai nuna komai ba, tamkar wayar ta tsinke, kuma haka halittarsa take. Kada mai gyaran rediyo ya ce maka ya mutu saboda wannan.

Na biyu, fahimci abin da kowanne yake ji

A cikin fikof ɗin jitar lantarki akwai maganaɗisu, ko na gaurayen alminiyam da nikel da kobal da ake kira alniko, ko na seramik mai araha. An naɗe shi da wayar jan ƙarfe wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya bisa goma na milimita ba, zagaye wajen 8,000 a irin na Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a cikin ƙarfin maganaɗisun, ƙarfin na sauyawa, sauyin kuma na haifar da lantarki a cikin koyil. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831, kuma shekara ɗari cif bayan nan George Beauchamp ya ɗora ta a kan jita a Kalifoniya, wadda aka soma sayarwa a 1932, kuma daga baya ta yi suna da tambarin Rickenbacker.

Irin wannan fikof ba ya jin iska, katakon ma kaɗan yake ji. Abin da ya sani shi ne ɗan yankin tsirkiyar da ke samansa. Shi ya sa wurin zama ke sauya murya: na kusa da wuya yana ba da sauti mai kauri da taushi don tsirkiya ta fi lilo a can, na kusa da jaki kuma mai kaifi, irin tsinin nan da kunne ya saba ji a kiɗan jitar Agadas.

Fiyezo ba ruwansa da maganaɗisu. Wani irin dutse ne ko seramik da ke fitar da lantarki idan an matsa shi. 'Yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano haka a Faransa a 1880, kuma shi ne ke ba da tartsatsi a laitar da ake dannawa ta yi ƙas. A jita, kowace kaɗawa na danna farin ƙashi ƙasa tana saki, fiyezo na juya wannan dannawa zuwa lantarki. Kamfanin Ovation na Amurka ne ya yaɗa wannan dabara a farkon shekarun 1970, Takamine na Japan ya biyo baya, daga baya Fishman da L.R. Baggs suka shahara da ita.

To amma fiyezo na ƙarƙashin ƙashi yana da hali. Wuri ɗaya tak yake saurara, inda bugu ya fi zafi, don haka yakan fito da farkon bugun fiye da yadda kunne ke jin sa a ɗaki, musamman in mai jita na da nauyin hannu. Wanda ke jiran ya ji muryar akwatinsa sak daga sifika zai ɗan ji takaici. Faya-fayen da ake liƙawa a ciki sun fi kawo muryar katako, makirufo ya fi su duka, sai dai gwargwadon yadda fikof ke jin akwati, gwargwadon saurin kukansa a gaban sifika. A ra'ayina, wanda zai yi kiɗa tare da ganguna da kibod da kwaya mai mutum talatin ya haƙura da fiyezo na ƙarƙashin ƙashi. Makirufo na situdiyo ne.

Na uku, daidaita tsirkiya da fikof

Mai maganaɗisu ƙarfe yake nema. Tsirkiyar nailan ba za ta ba shi komai ba. Tsirkiyoyin jitar akwati kuma na tagulla ne a waje, tagulla ba ta amsa maganaɗisu, sai siririn ƙarfen da ke tsakiyarta. Saboda haka in ka ɗaura su a jitar lantarki, sirara biyun da ba a naɗe ba za su yi ta ihu, masu kaurin su nutse. Jitar lantarki a ba ta masu naɗin nikel ko baƙin ƙarfe. Sandar da aka ƙera don bakin ramin akwati an riga an gyara ta ta rage wannan rashin daidaito, shi ya sa cire fikof daga tsohuwar jitar lid a maƙala a akwati ba ya ba da abin da ake so.

Fiyezo kowace tsirkiya tasa ce. Ko goge mai gashin wutsiyar doki, in aka liƙa masa faifan fiyezo kusa da jaki, zai yi magana a sifika.

Na huɗu, jonawa, inda aka fi yin ɓarna

Fiyezo yana da ƙarfin turi amma abin da yake iya bayarwa kaɗan ne ƙwarai. Kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: ka ɗiba da guga a hankali ta wadatar da kai, ka zura mata babban injin famfo ta ƙafe nan take. Kowace ƙofar shiga a na'ura tana da yawan abin da take zuƙa, ana auna shi da om, kuma idan lambar ta yi yawa zuƙar kaɗan ce. Fiyezo marar batir yana son ƙofa mai om miliyan 1 ko fiye, wasu har miliyan 10. Ƙofar layi a mikza kuwa wajen om 10,000 ce. Ka soka shi kai tsaye a nan, kaurin sautin duk ya zube, sai tsiwa ta rage. Mai maganaɗisu ma ba ya son wannan ƙofar, amma shi akasin haka yake yi, kaifinsa ne ke tafiya ya koma dusashe. Da kunne kaɗai kana iya gane wace jita aka jona ba daidai ba.

Ga yadda za ka bi da kowacce.

Jitar akwati mai batir tana da firi'am a ciki, ƙaramar amfilifayar da ta riga ta magance wannan matsala. Daga jita ka kai kebul zuwa akwatin DI, ɗan akwatin da ke daidaita sautin jita da ƙofar makirufo ta mikza, daga DI kuma kebul mai fil uku irin na makirufo ya tafi mikza. Idan mikza na kusa, tana iya shiga ƙofar layi kai tsaye. Ka fara da maɓallan bes da tsakiya da tirebul na jikin jita duk a tsaka-tsaki, bolum wajen kashi uku bisa huɗu, ka bar mai mikza ya saita nasa, sannan ka taɓa naka kaɗan-kaɗan. In sautin na fita ta hanci, tsakiya za ka rage, ba bes za ka ƙara ba.

Jitar akwati marar batir tana buƙatar firi'am na waje ko DI mai aiki da wuta. Irin wannan DI yakan ci wuta daga mikza ta maɓallin da aka rubuta 48V. Kebul daga jita zuwa gare shi ya zama gajere, mita 3 ya wadatar. Wasu mikza suna da ƙofa mai hoton jita ko rubutun Hi-Z. In akwai, nan ne gidanta. Kada ka ji nauyin tambaya. "Oga, don Allah akwai ƙofar jita a mikzar nan?" ya fi a shafe sujada ko biki ana harararka.

Jitar lantarki amfilifayarta take so, don rabin muryarta a can take. Sifikar amfilifayar lid tana datse kusan duk abin da ya haura kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, kuma wannan datsewar ce ke sa sautin ya yi daɗi, musamman in an ƙara masa gurnani. A sa makirufo a gaban sifikar a kai mikza. In babu amfilifaya, fedal mai kwaikwayon amfilifaya da sifika zai tsaya a madadinta. Kebul ɗinta kada ya wuce mita 6, domin doguwar waya na cinye kaifi.

Wannan datsewar dai ita ce ke kashe jitar akwati idan an soka ta a amfilifayar lid, don ƙyallin tagulla a saman nan yake. In babu amfilifayar akwati, ta kibod ta fi ta lid dacewa da ita nesa ba kusa ba.

Na biyar, ƙugi da kuka

Kowanne da ciwonsa. Koyil guda tana kwasar ƙugin wutar gida, wadda a Nijeriya ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, har da hayaniyar caja da inbata da sitabilaiza da ƙwan fitila mai araha. Don maganin wannan ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera hambaka a 1955, ta fito a jitar Les Paul a 1957: koyil biyu da aka juya wa juna baya, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, sautin tsirkiya kuma ya haɗu ya ƙaru. In taka mai sanduna uku ce, gwada matsayi na 2 da na 4 a makunnin zaɓi, a jitoci da yawa ƙugin na ɗaukewa a nan. Cire waya daga aljihun gaba, ka matsa daga taransifoma, ka juya jikinka sannu a hankali har ka samu kusurwar da ƙugin ya fi raguwa.

Ƙugin ya ragu idan ka taɓa tsirkiya, wannan daidai ne. Amma in kana jin wuta na tsikarin yatsunka, ko leɓenka in ya taɓa makirufo, ajiye jitar nan take a kira mai wayarin ya duba wayar ƙasa, musamman in da janareta ake aiki. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya rasu a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa masa wayar ƙasa ba. Kuma kada a karya fil na uku na filogi don a kashe ƙugi.

Tsayin fikof ma a duba shi. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato na ƙarshe cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ka auna tazarar da ke tsakaninta da ɗigon ƙarfe: wajen milimita 2 zuwa 2.5 a ɓangaren masu kauri, 1.5 zuwa 2 a ɓangaren sirara. Sukurorin gefe biyu ne ke ɗaga shi ko sauke shi. In ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙe tsirkiya, sauti ya mutu da wuri, tiyunin ya riƙa rawa.

Jitar akwati ba ta cika ƙugi ba, kuka ne nata. Sifika ta girgiza akwati, fiyezo ya ɗauka ya mayar wa sifika, abu ya yi ta zagayawa har ya zama wuuu. Yawanci yana farawa a wajen kaɗawa 100 a daƙiƙa, kusa da firet na 3 zuwa na 5 a tsirkiya mafi kauri. Kada ka tsaya a gaban sifika, kada monita, sifikar da ke fuskantar makaɗa, ta kalli cikin jitar. Danna maɓallin da aka rubuta Phase, sau da yawa shi kaɗai ya isa. In akwai Notch, bar kukan ya ɗan taso sannan ka murɗa shi a hankali har ya ɗauke. Murfin roba na bakin rami yana taimakawa sosai, in babu shi a yanka soso mai tauri daidai ramin.

Na shida, batir da hunturu

A yawancin jitocin akwati, soka kebul shi ne kunna firi'am. Ka bar kebul a ciki daga Lahadi zuwa Lahadi, batir ya ƙare ko ba a kaɗa ba. Galibi mai bolt 9 ne, wasu na Yamaha kuma AA biyu. Alamar ya yi sanyi ita ce sauti ya soma tsagewa in an buga da ƙarfi. Sayi alkalin, ka ajiye na ko-ta-kwana a jaka, kuma in za a daɗe ba a taɓa jitar ba a cire shi, don zafin Maris da Afrilu na sa batir ya zubar da ruwa ya cinye gidansa.

Katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Bauchi kuwa yakan sauko da shi ƙasa da 20. Fuskar akwati na janyewa ta lotsa, tsirkiyoyi su sauko su fara zuza a kan firet, wani lokaci zaman farin ƙashi a kan fiyezo ya gurɓace har tsirkiya ɗaya ta yi shiru. Kafin ka zargi fikof, saka jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai a cikin gidan sabulu mai huji, ka rufe shi tare da jitar a akwatin ajiyarta na 'yan kwanaki. Jitar lantarki ba ta cika damuwa da wannan ba, ita ƙura ce ke shiga maɓallanta su riƙa ƙaras-ƙaras, sai a fesa musu maganin wanke kayan lantarki a murɗa su sau da dama.

Ga mai son sa wa akwatinsa fikof da kansa

Hanya mafi sauƙi ita ce sandar bakin rami, a maƙala a ɗaure sukurori, babu huda. Amma in fiyezo na ƙarƙashin ƙashi kake so, nemi mai soket a gindi. Mai faifan gefe sai an yanke jikin jita, wannan kuwa aikin ƙwararre ne.

Cire tsirkiyoyi, ka zare farin ƙashi, ka yi masa alama da fensir don kada ka juya shi wajen mayarwa. Share kwarminsa tas. Huda ɗan rami a ƙarshen kwarmin, daidai kaurin wayar fikof, ka zura wayar ciki, tsinken ya kwanta shimfiɗe ba tare da lanƙwasa ba.

Yanzu aikin da ya fi kowanne muhimmanci. Tunda tsinken ya ɗaga ƙashin, sai an rage gindin ƙashin daidai kaurin tsinken. Ja layi da fensir, ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi, ka riƙe ƙashin a tsaye cak kana gogawa gaba da baya, kana juya shi lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ɗora shi a kan gilashin ka haska fitila ta baya. In haske na ratsowa ta ƙarƙashi, bai daidaita ba, kuma duk inda hasken ya ratso tsirkiyar wurin za ta yi rauni. Ƙashin ya shiga kwarmi ba tare da an buga shi ba, ya kuma fito da yatsu. In ya matse, gefen kwarmin ne zai ɗauke nauyin maimakon fiyezo, sai a ɗan goge gefensa.

Ramin gindi ana faɗaɗa shi zuwa wajen milimita 12, bayan an liƙa tef a wurin don kada fenti ya ɓare, kuma a hankali, daga ƙaramin baki zuwa babba. Ɗaure soket, ka maƙale wayoyin ciki don kada su riƙa bugun katako. Mayar da tsirkiyoyi, ka yi tiyunin, ka danna ƙashin da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan don ya zauna. Sannan ka jona ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi iri ɗaya. In ɗaya ta yi ƙasa da sauran, sassauta su ka sake komawa kan gilashi da samfefa.